Motar yaƙi mai rabin sarƙa: da ta Jamus zan fara ko da ta Amurka?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sha'awar ƙananan motocin yaƙi na roba da ake sayowa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya harhaɗa da kansa. Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce mai taya a gaba da sarƙa irin ta tankar yaƙi a baya, irin ta Yaƙin Duniya na Biyu. Na ga akwai ta Jamus, akwai ta Amurka. Da wacce sabon shiga zai fara?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Fara da ta Amurka, wato M3. Dalilin yana ƙarƙashin motar ne.

Ta Jamus, Sd.Kfz. 251 da aka fi sani da Hanomag, ta fara fitowa a 1939, kuma an ƙera sama da 15,000. Ƙafafunta na baya manya ne, a sarƙafe suke, kowacce ta shiga tsakanin 'yan'uwanta. Kowace ƙafa tana da baƙar roba a bakinta da za ka bi da siririn buroshi ka yi mata fenti kafin ka ɗaura ta, domin in ta shiga wurinta hannunka ba zai ƙara kaiwa ba. Sannan sarƙar kwantawa take yi a kan ƙafafun. In ta tsaya a sama cak, duk wanda ya san motar zai gane aikin bai yi ba.

M3 kuwa, wadda kamfanonin White da Autocar da Diamond T suka ƙera, sarƙarta ta asali ɗamarar roba ce guda ɗaya mai igiyoyin ƙarfe a ciki, a ɗaure take tam. Saboda haka sarƙar roba da ke cikin kwalin ta riga ta yi kama da ta gaske.

Nemi ta kamfanin Tamiya na Japan, ma'aunin 1/35, wato tsawonta kashi ɗaya cikin 35 na tsawon motar gaske. Tsohon zubi ne na shekarun 1970, ɓangarorinsa kaɗan ne kuma suna zama daidai. Na kamfanin Dragon sun fi fito da ƙananan abubuwa, amma yawan gutsattsarin kan sa sabon hannu ya ajiye aikin a tsakiya, kuma hakan na yi mini ciwo. Ma'aunin 1/72 ya fi araha, sai dai motar ba ta kai tsawon tafin hannu ba, riƙon ɓangarorin akwai wuya.

Abin da na fi so ka kiyaye: waɗannan motocin samansu a buɗe yake. Kujeru, sitiyari, akwatunan harsashi, duk ido na ganinsu. Ka gama fentin ciki tukuna ka haɗa bangon jiki. Ka kuma kankare fenti a inda gam zai taɓa, don gam ɗin narkar da robar yake yi ya haɗe ta, ba ya kama fenti.

Launi bai da wahala: kore mai duhu irin na sojan Amurka, da farin tauraro. Ranar da ka zo kan Hanomag, ruwan toka mai duhu ne har zuwa Fabrairun 1943, daga nan aka koma rawaya mai kama da yashi.

In lokacin hunturu kake aikin, kifa kwali a kanta da zarar ka shafa fenti, saboda ƙura. Kada kuma ka shanya ta a rana, robar lanƙwashewa take yi.