Tambaya da Amsa: Waya, Hutu da Motsa Jiki

Tun da makarantu suka rufe, tambayoyin da ke zuwa min suka karkata wuri guda. Yawanci ba maganar wayar da ta ƙi caji ba ce. Jiki ne ya yi nauyi, barci ya rikice, yara sun manne da waya. Na zaɓo huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Tudun Wada, Kaduna. Lokacin aiki ina tsaye tun safe har azahar, amma da aka yi hutu daga tabarma sai masallaci. Na sauke manhajar ƙirga taku a Tecno ɗina. Rannan na taka har Kasuwar Barci na dawo, ta nuna min sifili. Ranar da na hau Keke Napep kuma sai ta ce na yi taku ɗari shida. Wayar ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Wayarka lafiya lau take. A cikin kusan kowace wayar zamani akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi, ita ce ma ke juya maka hoto idan ka kwantar da wayar a gefe. Ba ta ganin ƙafarka. Girgiza take ji, manhajar kuma ta duba ko girgizar tana da tsari irin na mai tafiya, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Keke a kan titi mai ramuka yakan yi irin wannan girgizar, shi ya sa aka rubuta maka takun da ba ka yi ba. Wannan ba shi da magani gaba ɗaya, sai dai ka riƙa cire shi a lissafinka.

Sifilin kuwa ana iya gyara shi, kuma dalili biyu na fi gani. Na farko izini. Daga Android 10 zuwa sama, manhaja ba ta samun bayanin motsinka sai ka ba ta dama. Ka shiga saitin, ka buɗe jerin manhajoji, ka zaɓi mai ƙirga takun, a wajen izini ka kunna wanda aka rubuta Physical activity. Na biyu, wanda ya fi damun masu Tecno da Infinix da itel, shi ne tsarin tattalin batir. Da allo ya mutu sai wayar ta rufe duk manhajar da take ganin ba a amfani da ita, ita kuma mai ƙirga taku aikinta ke nan a ɓoye. Ka cire ta daga cikin waɗanda aka taƙaita wa batir, ka bar ta ta riƙa tashi da kanta, sannan ka daina share ta tare da sauran idan kana tsabtace wayar.

Inda ka sa wayar ma yana da tasiri. Aljihun wando ya fi aljihun babbar riga, domin a can lilo kawai take yi. Kuma ƙirga taku ba ya cin data ko kaɗan. Idan manhajar da ka sauke tana cika ka da talla, ko tana yi maka alkawarin kuɗi a kan kowane taku, ka goge ta. Samsung Health ta ishe ka, masu iPhone kuma da Health ɗinsu ta zo.

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara sittin, muna zaune a Malali. Na saya mata agogo mai ƙirga taku, kullum yana ce mata ba ta kai dubu goma ba. Yanzu ta karaya, ta ce ba za ta ƙara ɗaurawa ba. Dole ne sai dubu goma?

Amsa: 'Yar'uwa, ki gaida Hajiya, ki ce mata ta kwantar da hankalinta. Wannan adadi ba daga asibiti ya fito ba. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata sunan da ke nufin ma'aunin taku dubu goma. Sunan ya yi daɗin faɗa, ya bi duniya, har masu ƙera agogo da waya suka mayar da shi ma'aunin kowa, tsoho da yaro.

A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka wallafa sakamakon bibiyar mata tsofaffi sama da 16,000. Waɗanda ke yin taku kusan 4,400 a rana, mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu idan aka kwatanta da masu yin 2,700, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da minti take magana: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici ga babba. Matsakaici shi ne tafiyar da numfashi zai ɗan ƙaru amma mutum na iya hira. Minti talatin sau biyar a mako ya kai 150.

Abin da ke ɓata min rai da waɗannan na'urori ke nan: abin da aka yi don ƙarfafa gwiwa ya koma yana sare ta. Ki buɗe manhajar agogon a wayarki, ki duba abin da Hajiya ke yi a rana ba tare da an matsa mata ba. Idan dubu uku ne, ki mayar da burin dubu uku da ɗari biyar. Bayan mako biyu a ɗan ƙara. Ziyarar maƙwabta, zagayen tsakar gida bayan la'asar, rakiyar jika zuwa islamiyya, duk tafiya ce. In da hali wata safiyar ku je Dandalin Murtala tare, ta ga tsaranta suna zagayawa, ko ku bi ta Ƙofar Gamji a bakin kogi. Tafiya da abokin hira ta fi ɗorewa. Idan tana da ciwon zuciya ko gwiwa, a ji ta bakin likitanta tukuna.

Wani gargaɗi: idan agogon irin wanda ke cewa yana auna sukarin jini ne, kada a dogara da shi. A 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sukari ba tare da huda fata ba. Kada a rage magani ko a ƙara saboda abin da agogo ya nuna.

Tambaya: Malam, yarana uku, a Unguwar Rimi muke. Tun da aka yi hutu babban, ɗan shekara sha ɗaya, ba ya ajiye waya. Na ƙwace, ya yi ta kuka. Akwai yadda zan kulle ta daga tawa?

Amsa: Akwai, Hajiya. Sunanta Family Link, ta Google ce kuma kyauta ce. Za ki buɗe masa asusun yara, ki haɗa da naki, daga wayarki ki sa awannin da zai yi a rana, lokacin da wayar za ta kulle da dare, da manhajojin da ba zai iya saukewa ba sai kin yarda. Idan da wayarki yake wasa, ki shiga Digital Wellbeing a saitin ki sa wa YouTube da wasannin iyaka. A iPhone sunan wurin Screen Time.

Amma ki yanke adadin tare da shi, yana zaune yana gani. Kuma ki tanadi abin da zai cike gurbin, domin yaron da aka raba da waya aka bar shi a falo zai nemi ta maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu motsi na minti 60 a rana. Ƙwallo a layi, keke, langa, aike zuwa shago, duk sun shiga. 'Yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada kallon allo ya wuce awa ɗaya. Ki fara duba naki awannin a Digital Wellbeing ko Screen Time ɗin kafin ki zaunar da shi, don zai tambaya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina hutu a Rigasa. Datar dare nake saya saboda ta fi araha, sai in kai ƙarfe uku ban kwanta ba, asuba ma tana wuce ni. Na kunna tace hasken nan mai sa allo ya yi ja, ban ga canji ba.

Amsa: Ƙanina, ba za ka gani ba. Tace hasken yana rage wa ido zafi, amma abin da ke hana ka barci shi ne bidiyon da ke jan wani bidiyon. Babba na buƙatar aƙalla awa bakwai, kai kuwa ko uku ba ka samu kafin asuba.

Ba sai ka bar datar dare ba. Ka tara abin da kake son saukewa, darussa ko finafinai, idan lokacinta ya shiga ka danna musu su fara, ka jona wayar a caji nesa da shimfiɗa, ka kwanta. Wasu manhajojin sauke fayil ma suna da wurin sa lokaci, su fara da kansu kana barci. Da rana sai ka kalla. A Digital Wellbeing akwai Bedtime mode, mai mayar da allo fari da baƙi ya kuma toshe sanarwa. Ka sa shi ya kama daga ƙarfe goma. Bayan sallar asuba kada ka koma kwanciya nan take, ka taka na minti ashirin har gari ya waye sosai, hasken safiya na taimaka wa jiki ya dawo da lokacin barcinsa. Wayar ta zauna cikin aljihu, ba a hannu ba, kuma kada ka toshe kunnuwanka duka biyu a bakin titi.