Ɗana yana aji uku amma har yanzu karatu ya ƙi

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min, yarona shekararsa 9 yana firamare 3, wlh akwai wayo da surutu, in aka karanta masa abu ya haddace amma a ba shi littafi sai ya tsaya yana cinka, babansa ya ce iskanci ne har bulala yake sha. Uwar yara, daga Zariya.

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar uwa. Da farko a ajiye bulalar nan, ba ta koya wa kowa baƙi. Ki kai shi asibiti a duba ido da kunne, in lafiya lau suke to yana iya zama disleksiya, wato ƙwaƙwalwa na wahala wajen haɗa harafi da sautinsa, ba daƙiƙanci ba ne ba kuma aljanu ba, sau da yawa ma gado ne, ki tambaya ko a dangi akwai mai irinta. Kullum ki zauna da shi kamar minti 15 kina koya masa sauti-sauti, ba, bi, bu, yana faɗa yana rubutawa da yatsa a yashi. Ku fara da Hausa don yadda ake rubutata haka ake furtata, Turanci kuwa sai a hankali. Malaminsa kuma ki roƙe shi ya daina tsayar da shi karatu gaban aji.