An ba ni darasin kwamfuta, sai na koma makaranta?

Malam, ka ce lissafi ka karanta, aka ɗora maka darasin kwamfuta a ƙaramar sakandare, kana tambaya ko dole sai ka yi wani kwas kafin ka shiga aji. A'a, ba dole ba ne. Ka fara da Scratch, manhajar koya wa yara tsara shirye-shiryen kwamfuta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Kyauta ce, kuma idan ka sauke ta tana aiki ba intanet. Ka haɗa da darussan CS Unplugged na Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan, inda ake koyar da lambobin 0 da 1 da kwamfuta ke aiki da su, da dabarun jera lambobi da kati da alli kawai, ko da an ɗauke wuta.

Sharaɗin dai kada ka yi shi kai kaɗai. Na sha ganin malami ya je bita, ya karɓo takardar shaida, bai gwada komai a aji ba, zango bai ƙare ba ya manta. Ka nemi malamai biyu ko uku a makarantun kusa, kowa ya fara koyar da darasinsa a gaban sauran, ku gyara wa juna, sannan ya kai wa yara.