Amsa: Firjin giya mai famfo na gwanjo, zai yi wa zoɓo?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayo firjin nan mai famfo a gwanjon Alaba, irin wanda Turawa ke zuba giya da shi a gida, kana son ka riƙa sayar da zoɓo mai gas a shagonka na Agege. Zai yi, amma kada ka yi gaggawar jona shi.

Fara duba rubutun da ke bayansa. In daga Amurka ya zo, wutar 110 ko 120 yake ci, tamu kuwa 230 ce. In ba ka sa tiransifoma mai rage wuta ba, injinsa zai ƙone. Ka kuma bar shi a tsaye kwana ɗaya kafin ka kunna, man injin ya koma mazauninsa. Da irin wutarmu ta Legas, sitabilaiza ma dole ce.

Tiyon ciki kam, cire su duka ka sa sababbi, har da zoben robar murfin tankin da ake zuba abin sha a ciki. Warin giya yana shiga jikin roba, wanki ba ya fitar da shi, ga kuma batun tsarki. Famfon in na tagulla ne, canza shi da na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin tsamin zoɓo yana cin tagulla.

Iskar CO2 kuwa, wato gas ɗin da ke sa zoɓon kumfa ya kuma turo shi ta famfo, ka nemi ta abinci, ba ta masu walda ba. Shafa ruwan sabulu a mahaɗai, in kumfa ta taso akwai yoyo. Sanyi ya tsaya digiri 3 zuwa 4 a ma'aunin Celsius, kuma ka tace zoɓon sosai. Kunun aya dai kada ka gwada, toshe tiyo zai yi.