Amsa ga Hajiya kan ɗanta da ke kwalejin shekara biyu a Amurka

Hajiya, sannu da haƙuri. Kin ce yaronki ya daina barci, ya daina shiga aji, kina tambaya ko lalaci ne. Ni dai ban ga lalaci ba, alamun ciwon damuwa nake gani.

Ɗaliban waɗannan kwalejoji galibi ba su da ɗakin kwana a makaranta. Daga aji sai wurin aiki, ga haya, ga kuɗin mota, babu abokin da za su buɗe wa ciki. Yawancin kwalejojin suna da ofishin ba da shawara kyauta, kuma ana riƙe sirri, amma yaranmu na jin kunyar shiga. Ki lallaɓa shi ya je, kada ki yi masa faɗa. Addu'a ba ta hana ganin likita.

In ya ambaci kashe kansa, ki kira 988 nan take, wato layin wayar agajin gaggawa na Amurka don masu tunanin kashe kansu. Layin yana aiki dare da rana tun 2022.