Ƙarar muƙamuƙi a cikin salla: amsa ga wani limamin unguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni nake jan salla a wani ƙaramin masallaci a unguwarmu, ni kuma nake yin asham da azumi. Kusan shekara guda ke nan muƙamuƙina na dama yana yin ƙas idan na buɗe baki sosai, har na bayana a sahun farko yakan ji. Da safe nakan tashi da ciwo a gaban kunne. Sau ɗaya bakin ya maƙale ina tsakiyar karatun Asuba. Wasu sun ce jifa aka yi mini saboda limanci. Likitan haƙori ya ce matsalar gaɓar muƙamuƙi ce, ya ba ni wata roba in riƙa sawa idan zan kwanta. Shin ƙarar tana ɓata salla? Limancina ya inganta? Robar tana karya azumi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Malam Liman, sallarka ingantacciya ce, ta mamu ma haka. Sautin da ke ɓata salla shi ne magana da gangan da abin da malamai suka riskar da ita, kamar huri da baki. Ƙarar da kake ji kuwa motsin gaɓa ce, ba harafi a cikinta, ba kuma kai ka nufe ta ba. Hukuncinta ɗaya da ƙarar gwiwar dattijo idan ya duƙa sujada. A Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Shehu Khalil ya lissafa nishin mai ciwo cikin abubuwan da ba sa ɓata salla kuma ba sa jawo ƙabli ko ba'adi. To idan nishin da ya fito daga maƙogwaro an yafe shi, ina ga ƙarar ƙashi? Inda karhanci yake shiga shi ne mutum ya riƙa murɗa muƙamuƙin da gangan don ya ji ƙas ɗin. Wannan ya yi kama da ƙarar da yatsu a salla, wanda malamanmu suka ce makaruhi ne, kuma likitoci ma suna hana shi.

Ka sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki a hankali, za ka ji wani abu yana zamewa gaba. Nan ce gaɓar. Tsakanin kan ƙashin muƙamuƙi da ƙashin kai akwai ɗan faifan guringuntsi da yake zama matashi a tsakaninsu. Idan faifan ya gusa gaba daga mazauninsa, to yayin buɗe baki kan ƙashin yakan haye shi da tsalle, wannan tsallen ne kake ji. Ranar da ya kasa hayewa, bakin sai ya maƙale. Mutane da yawa suna da ƙarar ba tare da ciwo ba, kuma irin wannan galibi ba ya buƙatar magani. Naka ya zo da ciwon safe da maƙalewa, shi ya sa likita ya ba ka robar, domin ciwon safe sau da yawa alama ce ta mai dantse haƙora ko gurza su cikin barci bai sani ba.

Saboda haka maganar jifa ka ajiye ta. Sihiri da kambun baka gaskiya ne, ba ma musun su, amma ba a ɗora wa musulmi zargi ba tare da hujja ba, alhali ga dalili a fili wanda masani ya taɓa da hannunsa. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, a nisanci da yawa daga zato. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka fara kallon na'ibinka ko ladaninka da wani ido, masallaci ya rabu biyu a kan guringuntsi. Ka yi wa kanka tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi, wannan sunna ce ga kowane ciwo, sannan ka bi maganar likita. A hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani.

Sai batun karatu, wanda a ganina nan ne gyaran yake. Wajibi a kan liman da mai salla shi kaɗai shi ne Fatiha da motsa harshe, ko da bai jiyar da kansa ba. Bayyanawa a Asuba da Magariba da Isha'i sunna ce, kuma mafi ƙarancinta a littafin Risala shi ne mutum ya jiyar da kansa da na kusa da shi. Ba a ɗora maka wangale baki har jijiyoyin wuya su tashi ba. Idan akwai lasifika, ka matso da ita kusa da bakinka ka bar ta ta ɗauki nauyin. Na san abin da zai zo maka a rai: ai tajwidi yana son buɗe baki. Gaskiya ne fataha da madda suna son sararinsu, kuma malamin tajwidi Ibnul Jazari, wanda ya rasu shekara ta 833 bayan hijira, ya ce a waƙensa babu abin da ke tsakanin mai tajwidi da marar shi sai horar da muƙamuƙi. Amma shi ɗin dai ne ya faɗa a littafinsa An-Nashr cewa tajwidi ba tauna harshe ba ne, ba zurfafa baki ba ne, ba karkata muƙamuƙi ba ne. Na sha zama da ɗalibai ina kallon yadda suke jan haɓa gefe guda wajen furta ladi da ɗamisa hannu, suna zaton ƙwarewa ce. Harshe ne yake fitar da waɗannan haruffa. Ka sami makarancin da ka amince da shi ya kalli bakinka kana karatu, ko ka tsaya gaban madubi. Wataƙila ka tarar rabin wahalar kai kake ƙara wa kanka.

Idan bakin ya sake maƙalewa a tsakiyar salla, ka ɗan dakata, ka sassauta. In ya saki ka ci gaba daga inda ka tsaya, babu komai a kanka. In kuwa ka kasa karanta Fatiha, mustahabbi ne ka jawo wani daga bayanka ya ƙarasa da mutane, kai ka ja baya ka zama mamu, sallarka ba ta ɓaci ba. Don haka ka tabbata kullum akwai mai iya karatu daidai bayanka. A asham ku raba raka'o'in da wani. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ja mutane salla ya sauƙaƙa, domin a cikinsu akwai mai rauni da marar lafiya da tsoho. A wannan karon kai ma kana cikin marasa lafiyar. Tilasta wa kanka izu biyu kowane dare alhali gaɓar tana buƙatar hutu ya saɓa wa ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa".

Robar da kake sawa da dare ba ta da alaƙa da azumi. Ko da rana ka sa ta don barcin ƙailula, azuminka yana nan, saboda babu abin da yake narkewa daga jikinta ya wuce maƙogwaro, yawun da ya taru kuma halal ne a haɗiye shi. Sharaɗi ɗaya: ka ɗauraye ta sosai kada ragowar man goge baki ya maƙale a ciki. Ka cire ta lokacin salla don kada ta gurɓata haruffa. Idan aka kai ga allura a gaɓar, ba ta karya azumi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a zamanta na Jidda a 1997 cewa allurar magani ba ta karyawa sai wadda take zama madadin abinci. Ƙwayoyin rage ciwo irin su ibuprofen ka sha su bayan buɗa-baki, da abinci a ciki, kuma ka gaya wa likita idan kana da gyambon ciki.

Goro, kilishi, rake, aya da cingam duk halal ne, amma ka dakatar da su har gaɓar ta huce; ka koma tuwo mai laushi da kunu da fate, ka riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Idan hamma ta zo, ka danne ta gwargwadon iko ka tokare baki da hannu kamar yadda sunna ta koyar, wannan yana hana gaɓar wuce iyaka. Idan kuwa ciwon muƙamuƙi ya zo tare da nauyin ƙirji da gumi, ko haƙora suka sarƙe bayan wani rauni ko taka ƙusa, kada ka jira safiya, a tafi asibiti nan take, domin wannan wani ciwo ne daban.

Wallahu a'alam.