Hukuncin Saka Wanda Ya Ce Shi Ba Namiji Ba Ne Ba Mace Ba a Ƙagaggen Labari

Tambaya: Malam, ni marubuciya ce a nan Kano, ina sakin littattafaina a Wattpad. Ina so in saka wani a labarina da yake cewa shi ba namiji ba ne ba kuma mace ba, yau ya fito da riga da hula, gobe da atamfa da mayafi. Ya halatta?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Ba da labarin abu daban, yarda da shi daban. Alƙur'ani ya kawo maganar Fir'auna cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka (Nazi'at, 24), kuma mai karanta ta bai yi kafirci ba. Don haka saka irin wannan mutum a labari halal ne, abin dubawa shi ne inda alƙalaminki ya karkata.

Sai dai ki rarrabe mutanen da ake yawan cakuɗawa. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fayyace ba. Wannan ba shi da laifin komai, kuma Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan cikin birni, da hukuncin mata-maza aka rufe littafin, har aka ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace idan lamarinsa ya rikice. Akwai wanda taushin murya da tafiya halittarsa ce, ba shi ya ɗora wa kansa ba, wanda Imam Nawawi ya ce babu zargi a kansa. Wanda hadisin Ibn Abbas a Bukhari ya tsine wa shi ne mai kwaikwayon ɗaya jinsin da gangan, domin Allah ya ce ya halicci jinsi biyu, namiji da mace (Najmi, 45).

Saboda haka idan labarin zai ƙawata wannan kwaikwayo, har yarinyar da ke karantawa a wayarta cikin dare ta ji sha'awar bin sahu, bai halatta ba. Haka nan bai halatta ki mai da shi abin dariya ba, yadda aka saba yi wa 'yan daudu, ko ki tunzura jama'a su dake shi, domin na san iyayen da wannan jarrabawa ta hana barci, kuma izgili bai taɓa shiryar da ɗan kowa ba. Ki rubuta shi a matsayin ɗan Adam mai uwa da uba da damuwa, ki nuna ruɗanin da yake ciki da gaskiya, ba tare da siffanta tsiraici ba. Allah ne mafi sani.